Maratayin Jita da Lafiyar Kafaɗar Makaɗi

A bikin kamun kifi na Argungu idon kowa yana kan masunta, amma akwai wasu mutane da su ma suke shan aiki ranar ba tare da an lura da su ba. Tun kafin a ba da izinin faɗawa cikin kogin Matan Fada makaɗa suna tsaye, wasu a gaɓa wasu cikin kwalekwale, ganguna rataye a kafaɗa, kuma ba su saukewa sai taro ya watse. Bikin ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma kiɗa yana cikin abubuwan da suke riƙe da shi har yau. Wanda ya matsa kusa da tsohon makaɗin ganga zai ga abin da ya sa yake iya wuni a haka. Da wuya ka same shi da siririyar igiya. Ƙyalle ne mai faɗi, sau da yawa an ninka shi, ya kwanta a kan tsokar kafaɗa, kuma tsawonsa ya tsayar da gangar daidai inda gula za ta same ta ba tare da ya sunkuya ba.

Yaran da suka rungumi jita a yau ba su gaji wannan dabarar ba. A Birnin Kebbi za ka same su a majami'u, a ƙungiyoyin kiɗan biki, a ƙananan situdiyo, da kuma cikin samarin da ke kwaikwayon salon Agadas irin na Bombino da Mdou Moctar, wanda ba ya wuyar tsallako iyaka ta Kamba. Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi jita, ya yi ta ciniki a kan tsirkiya da lasifika, sa'annan ya rataye ta da ɗan siririn maratayin leda da mai kanti ya ba shi gyara. Bayan shekara guda sai ka ji yana cewa iska ce ta shige shi a wuya, ko ya kwanta ba daidai ba. Yawancin lokaci maratayin nan ne.

Jitar lantarki ba ƙaramin kaya ba ce. Samfurin Stratocaster, wanda kamfanin Fender ya fitar a 1954 kuma aka fi kwaikwaya a duniya, yakan kai kilo 3.5 ko kusa da haka. Les Paul ta kamfanin Gibson takan wuce kilo 4. Jitar bes, irin wadda Leo Fender ya fitar kasuwa a 1951, ita ce uwar nauyi: kilo 4 zuwa 4.5 abu ne da aka saba gani, mai tsirkiya biyar kuwa tana iya kai wa kilo 5. Wani zai ce ai kilo 5 ba komai ba ne, ko yaro yana ɗauka. Gaskiya ne, idan daga kasuwa zuwa gida ne. Amma wannan nauyi yana zaune ne a kafaɗa ɗaya tak, ta hagu ga mai amfani da dama, na tsawon sa'a uku ko huɗu, alhali hannun da ke ƙarƙashin wannan kafaɗar shi ne ke yawo a wuyan jita yana danna tsirkiya.

Wurin da maratayi ke kwanciya kuwa ba wurin wasa ba ne. Akwai babbar tsoka da ta taso daga ƙeya ta bazu zuwa kafaɗa da tsakiyar baya, ita ce ke ɗaga kafaɗa. Kusa da ita, tsakanin wuya da ƙashin wuya, jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa hannu da yatsu suke wucewa. Idan siririn abu ya daɗe yana danna wurin, jiki yakan ɗaga kafaɗar sama da kansa don ya kare ta, mai kiɗa bai ma sani ba. Tsokar sai ta wuni a ɗaure. Daga nan ciwon wuya ke tasowa, da ciwon kai ta ƙeya, wani lokaci har yatsu su riƙa yin sanyi ko tsikari kamar ana tsira allura. Jiki magayi, sai dai mu ne ba mu cika saurarensa ba.

Faɗin maratayi shi ne abin fara dubawa. Wanda ake bayarwa tare da jita yawanci santimita 5 ne. Idan aka mai da shi santimita 10, nauyin jitar bai ragu ko kaɗan ba, amma ya bazu a fili ninki biyu, don haka dannawar da kowane ɓangaren fata ke sha ta ragu da rabi. Hikimar gammo ke nan: tulun bai sauya ba, amma mai ɗauka ta isa gida ba tare da kanta ya yi tsami ba. Ga jita mai sauƙi, santimita 6 zuwa 7.5 ya wadatar. Ga bes, kada a yi ƙasa da 7.5, kuma 10 ya fi. Sai dai akwai iyaka. Mai ƙaramin jiki, ko mace, ko yaro ɗan makaranta, idan ya ɗauki wanda ya fi kafaɗarsa faɗi, gefen zai riƙa gurzar wuya, an gudu ba a tsira ba. Ka auna tazarar da ke tsakanin gindin wuyanka da ƙashin kan kafaɗa, maratayin ya zauna a tsakani.

Abin da aka yi shi da shi ma yana da magana, kuma a nan ne shawarar da ake karantawa a intanet ba ta cika dacewa da mu ba. A Turai da Amurka ana yabon wani irin soso mai kama da roba wanda ke ɗan miƙewa, yana shanye girgizar jita idan mutum yana motsi. Yana da daɗi a kafaɗa, ba musu. To amma a watan Afrilu a Birnin Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan roba takan riƙe gumi, ta jiƙe riga, ta haifar da ƙuraje. Ledar nan mai sheƙi kuwa tana da santsi, gefenta kuma yana da kaifi. A ganina, abin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne fata mai laushi da aka yi wa shafi da ƙyallen auduga mai kauri, ko kuma saƙar auduga zalla mai faɗi wadda za a iya wankewa.

Abin mamaki shi ne muna zaune a kan maganin muna nemansa a waje. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce ta yi suna a Turai tun zamanin fataucin Sahara, har suka riƙa danganta ta da Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su. Dukawanmu da ke ɗinka kube da jaka da kayan doki ba abin da zai gagare su a maratayi. Ka je wurin baduku da jitarka a hannu, kada ka tsaya kwatance da baki. Ya yanka kirgin saniya don ƙarfi, ya lulluɓe ɓangaren kafaɗa da fatar akuya, ya sa siririn soso ko auduga a tsakani. Ka roƙe shi ya bar ɓangaren da zai taɓa riga ba gogewa, da ɗan kaushinsa, ya kuma dasashe gefuna. Bakin da za a maƙala a jikin jita ya ninka shi biyu, ramin ya kasance matsattse, domin fata tana saki da amfani. Idan hunturu ya shigo, a ɗan shafa mata man kaɗanya kada ta tsage.

Wannan kaushin yana da dalili. Wasu jitoci kansu ya fi gindinsu rinjaye, da ka sake hannu sai wuyan ya sunkuya ƙasa. An san samfurin SG na Gibson da wannan hali, haka ma yawancin bes masu dogon wuya da ƙaramin jiki, balle na kwaikwayo da aka yi da katako maras nauyi. Mai irin wannan jita yana aiki biyu ne da hannun hagu: yana kiɗa, yana kuma tallabe wuyan. Gajiyar da ke biyo baya ta fi ta nauyin kanta muni. Gwajin ba wuya. Ka rataya, ka tsaya, ka saki hannuwa biyu. Idan ta tsaya inda ka bar ta, madalla. Idan ta zame, kana bukatar maratayi mai kama riga, kuma babu laifi ka ɗaura ɗan abu mai nauyi a ƙarshensa ta wajen gindin jita.

Sai batun tsawo, inda kwalliya ke cutar da samari. Sun ga mawaƙan Turai a bidiyo jita na reto a cinya, su ma sai su sassauta maratayi har ƙarshe. Jita idan ta yi ƙasa da yawa, dole wuyan hannun hagu ya lanƙwashe sosai kafin yatsu su kai tsirkiyar sama, kafaɗa kuma ta zube gaba. Idan ta yi sama da yawa, kafaɗar dama ce za ta ɗage. Malaman jita da yawa suna ba da ma'auni mai sauƙi: ka zauna a kujera, bayanka a miƙe, ka ɗora jita a cinya yadda kake koyo, ka ja maratayin har ya ɗame. Idan ka miƙe tsaye, jitar ta kasance a wurin da take lokacin da kake zaune. Ta haka abin da hannu ya koya a zaune ba zai ɓace a tsaye ba.

Wanda kafaɗarsa ta riga ta ji jiki yana iya neman maratayi mai reshe biyu, wanda ke raba nauyi a kafaɗu biyu kamar jakar goyo. Ba shi da kyan gani, kuma abokai za su yi dariya, amma baduku zai iya ɗinka shi, kuma ya fi a ajiye kiɗa gaba ɗaya. A kuma riƙa duba ƙusoshin nan biyu da maratayi ke maƙalewa a kai. Idan ramin ƙusar a jikin jita ya yi faɗi, tsinken ashana da ɗan gam suna gyara shi. Mai tsoron kada jitarsa ta suɓuce yakan ɗaure jiki ba tare da ya sani ba.

Ko maratayin ya kai kyau, tsoka tana son hutu. Tsakanin waƙa da waƙa a ɗan tallabe jitar da hannu, a juya kafaɗu, a sauke ta gaba ɗaya lokacin wa'azi ko jawabin iyayen biki. A wurin atisaye kuwa babu dalilin tsayuwa sa'a biyu, a zauna.

Amma idan ciwo ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ko yana hana barci, ko yatsu sun fara mutuwa, ko hannu ya rage ƙarfi, magana ta wuce ta maratayi da man zafi. A daina haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi barkatai daga kemis, domin suna rufe ciwon ne kawai, wasunsu kuma suna illa ga ciki da ƙoda. A tafi asibiti, ko Sir Yahaya Memorial da ke Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu, a nemi ganin likita, kuma a gaya masa ƙarara irin kayan da ake ratayawa da yawan sa'o'in da ake yi da shi.