Mu San Kalmomin Ingilishi na Ciniki Kafin Mu Dangwala Yatsa



A wani ajin karatun manya da muka kai wa ziyara a ƙasar Mayahi, wani dattijo ya zaro takarda daga aljihu, ya miƙa mana. Ya ce raguna biyu ya sayar a wata kasuwa ta ƙetaren iyaka, a kan naira 300,000. An ba shi 200,000 a hannu. Aka rubuta takarda, aka ce ta sauran kuɗinsa ce, ya dangwala yatsa. Da muka duba, sai muka ga kalmomi uku na Ingilishi: Paid in full. Ma'anarsu ita ce an biya duka, babu saura. Da yatsansa ya shaida cewa ba ya bin kowa naira 100,000.

Dattijon nan ya san dabba, ya san lissafi. Kalmomi uku ne suka kayar da shi. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu.

Me ya haɗa mu da Ingilishi?

A nan Nijar mun fi sabawa da Faransanci. Amma Jibiya da Katsina da Daura da Kano maƙwabtanmu ne. Daga can ake kawo mana taki da maganin feshi da yawa. Can matasanmu ke zuwa cin rani bayan girbi. Ƴan kasuwarmu sun san hanyar Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano. A duk wuraren nan da Hausa ake ciniki, amma da Ingilishi ake rubuta takarda. A gida ma, dokar ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki.

Abin ba sabo ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kalmomin Ingilishi suka yi ta shiga bakinmu. Lebura da kanti da kamasho da fam da sule duk daga can suka fito. Kakanninmu sun koye su da kunne. Mu da muka shiga aji, sai mu koye su da ido.

Kalmomin takardar ciniki

Receipt. Ana faɗinta risit. Ita ce rasi, shaidar cewa an biya kuɗi.

Invoice. Ana faɗinta inbois. Takarda ce mai nuna kaya da kuɗin da ake neman a biya. Ita kaɗai ba ta shaida cewa an biya.

Total. Jimillar kuɗi gaba ɗaya.

Deposit. Kafin alƙalami ke nan, wato abin da aka fara bayarwa don a kama ciniki.

Balance. A nan sai mu yi hattara. A Faransanci kalmar tana nufin sikeli. A takardar ciniki ta Ingilishi kuwa tana nufin sauran kuɗi. Da an yi wa dattijon nan gaskiya, ga abin da za a rubuta: Total 300,000, Deposit 200,000, Balance 100,000.

Paid. An biya. Idan kana bin saura, kada ka yarda a rubuta wannan kalma ita kaɗai, balle a ƙara mata in full.

Discount. Ragi ko rangwame.

Commission. Kamasho, wato la'adar dillali. A san adadinta kafin a sallama.

Loan da Interest. Ta farko bashi ce. Ta biyu ita ce ruwan da ake ɗorawa a kan bashin.

Kalmomin kuɗi ta waya

A ƙarshen 2022 Najeriya ta canja takardun naira. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. Tun daga lokacin, biya ta waya ya yaɗu har cikin kasuwannin dabbobi. Ga kalmomin da ke fitowa a saƙo.

Cash. Tsabar kuɗi a hannu.

Transfer. Tura kuɗi daga asusu zuwa asusu.

Credit da Debit. Mun saba jin kiredi da ma'anar bashi. A saƙon banki kuwa Credit na nufin kuɗi sun shigo asusu. Debit na nufin kuɗi sun fita.

Pending. Kuɗi suna hanya, ba su iso ba.

Failed. Turawar ba ta yi ba.

Successful. Turawar ta yi. Amma ganin wannan kalma a wayar mai saye bai isa ba, domin akwai masu nuna saƙon ƙarya. Kada ka kwance igiyar ragonka sai ka ga Credit a asusunka, ko a asusun amintaccen da ke karɓar maka, kuma jimillar da ke ciki ta ƙaru.

Charges. Ladan da banki ko mai na'urar POS ke cirewa. A tambaya tun farko: wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa?

Kalmomin aiki

Ga ƴan cin rani masu aikin gona ko gini ko dako, waɗannan ne suka fi muhimmanci.

Contract ko Agreement. Yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci.

Wage da Salary. Ta farko ladan yini ne ko na mako. Ta biyu albashin wata.

Advance. Kuɗin da aka ba ka kafin ka yi aikin. Ba kyauta ba ce. Za a cire su ranar biya.

Deduction. Abin da aka cire daga ladanka, na abinci ko na masauki ko na bashi. Kana da hakkin a faɗa maka dalilin kowane cirewa.

Overtime. Aikin da ya wuce lokacin da aka ƙayyade. A yi maganar ladansa kafin a fara.

Signature da Witness. Ta farko wurin sa hannu ne. Ta biyu shaida. Ka tafi da naka shaidar, kada ka dogara da na mai aiki kaɗai.

Kalmomin buhu da kwalba

Wasu kalmomin kuɗi suke ci. Waɗannan kuwa suna iya cin gona, har ma da rai.

Net weight. Nauyin abin da ke ciki ban da buhu. Idan an rubuta 50 kg a buhun NPK 15-15-15 ko Urea, a ɗora a sikeli a gani.

MFG da EXP. Ta farko lokacin da aka yi magani. Ta biyu lokacin da zai lalace. EXP 08/2027 na nufin watan 8 na shekarar 2027. A duba wannan a maganin mutum da na dabba da na feshi.

Insecticide da Herbicide. Ta farko maganin ƙwari ce. Ta biyu maganin ciyawa. Wanda ya rikita su yana iya ƙone wakensa da hannunsa.

Poison. Guba. A dubi launin da ke ƙasan kwalba. Ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A ajiye nesa da yara da rumbu, kuma kada a zuba ruwan sha ko mai a kwalbar da ta ƙare.

Not for sale. Ba na sayarwa ba ne. Idan ka ga wannan a kayan da ake tallatawa, kayan taimako ne aka karkatar.

Za ku kuma ga NAFDAC tare da lamba. Hukumar Najeriya ce mai kula da abinci da magunguna, an kafa ta a 1993. Lambarta rajistar can ce. Kafin a yi feshi, a nuna wa malamin gona kwalbar, ya faɗa ko an amince da maganin a Nijar.

Abin da za mu yi

Ba sai mun iya Ingilishi duka ba. Kowa ya kwafe kalmomin nan a littafinsa, kalma a hagu, ma'ana a dama. Malaman aji su riƙa ɗaukar biyar kowane mako. Ɗalibai su kawo tsofaffin rasi da buhunan taki, a karanta tare.

A kasuwa kuma mu riƙe abu uku. Kada mu sa hannu a takardar da ba a karanta mana ba. Mu nemi a rubuta adadi da lamba, mu gani da idonmu. Mu karɓi tamu takardar, mu adana ta har ciniki ya ƙare.

Dattijon nan bai samu kuɗinsa ba. Amma ranar da muka koma ajin, shi ne ya tashi ya rubuta Balance a allo, ya faɗa wa ƴan uwansa ma'anarta.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.