Subu'u: Bikin Kwana Bakwai a Gidajen Alƙahira

Duk baƙon da ya zauna cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin birnin Alƙahira, kamar su Sayyida Zainab ko Shubra ko Gamaliyya, ba zai daɗe ba sai wata rana da almuru ya ji wani amo yana saukowa daga benen maƙwabta kamar ana kaɗa ƙararrawa, ga guɗa tana tashi, ga muryoyin yara sun cika matakala. Amon nan na ɗan turmin tagulla ne wanda matan Masar suke dakan kayan yaji a ciki, ma'anarsa kuwa ita ce wani jariri ya cika kwana bakwai a duniya. Misirawa suna kiran wannan biki subu'u, daga kalmar Larabci mai nufin mako.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu cikin wannan lissafi ba, tun da yake shi ma ran bakwai yake suna. Amma akwai bambanci. A ƙasar Hausa safiyar suna ta maza ce, da liman da goro da rago da wanzami, sa'an nan mata su karɓi yini. A Alƙahira kuwa subu'u kusan dukansa yana hannun mata da yara, cikin ɗaki ake yinsa, kuma galibin kayan da ake bukata 'yan gida ne suke haɗa su da hannunsu. Saboda haka darajar bikin ba ta tsaya ga yawan abin da aka kashe kaɗai ba. Baƙi suna duba irin aikin da aka yi, su san gidan da aka zauna aka ɓata dare, da gidan da aka sayo kome a ƙulle.

Shiri yakan fara tun ciki yana wata takwas. Kakar jariri ta wajen uwa, ko wata inna, takan ɗauki jaka ta nufi Muski, watau tsohuwar kasuwar da ta miƙe daga dandalin Ataba har zuwa kusa da masallacin Azhar. A gefen wannan kasuwa akwai wani lungu mai suna Darbul Barabira, wanda ya shahara da sana'a biyu: fitilun ado na rataye, da kayan subu'u. A nan ake sayen kyandir da dozin, da leshi da kintinkiri da gora-gora, da alewa da gyaɗa da mudu ko da buhu. A da can akan jinkirta wasu sayayya sai an haihu, domin kayan namiji dabam ne da na mace. Tun da na'urar duba ciki ta yaɗu a asibitoci, iyaye da yawa sukan san abin da za su samu, su zaɓi suna, har su kai a buga shi bisa ƙananan katuna kafin naƙuda ta zo.

Abu na farko da ake ƙawatawa shi ne tukunyar ruwa ta yumɓu. Idan namiji aka haifa, buta ce mai baki, wadda suke kira ibriƙ. Idan mace ce, ɗan tulu ne mai dogon wuya marar baki, irin wanda Misirawa suke sanyaya ruwan sha a ciki bisa taga, sunansa ƙulla. Ana yi wa tukunyar nan sutura kamar mutum: a naɗe ta da farin ƙyalle ko leshi, a ɗaura mata kintinkiri, a soka furanni da kyandir a bakinta. A gidajen da suka riƙe tsohuwar al'ada, uwa takan rataya wa tulun 'yarta sarƙarta da 'yan kunnenta na zinariya, uba kuma ya rataya wa butar ɗansa agogo ko tazbaha. Duk wanda ya shigo ɗakin ya dubi tebur, ba sai ya tambayi me aka samu ba.

Abu na biyu rariya ce, babba, mai bangon katako, irin ta tankaɗen hatsi. Ita ma akan lulluɓe ta da yadi mai sheƙi, a yi mata ɗan matashi a ciki, a ɗinka mata geza a gefe, har ta koma kamar ɗan gado. Mai hannu da shuni yakan sayi wadda aka riga aka gyara. Sauran jama'a kuwa su sayi rariya tsirara da yadi biyu, su zauna da allura da zare.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ƙullin tsaraba. Al'ada ita ce kowane baƙo, babba da yaro, ya koma gida da ƙulli a hannu, kuma a aika wa maƙwabtan da ba su samu zuwa ba. Cikin ƙullin akan sa gyaɗa soyayya da ɓawonta, da gugguru, da wani wake mai kama da gujiya da suke kira hummus, da alewa mai ƙwallon lauz a ciki wadda suke kira mulabbas, da ɗan kyandir guda. Sa'an nan a ɗaure bakin da kintinkiri, a maƙala katin da ke ɗauke da sunan jariri da ranar haihuwarsa. Gida ɗaya yakan yi ƙulli hamsin ko ɗari, ko fiye idan dangi suna da yawa. Dare biyu ko uku kafin ranar, 'yan'uwa mata sukan baje kayan bisa tabarma ko teburin cin abinci, wannan tana awo da ƙoƙon shayi, waccan tana ƙullawa, yara suna satar alewa ana korarsu. Lissafin ƙullin nan ba wasa ba ne. A gidajen bene na Alƙahira, inda iyali goma ko ashirin suke hawa matakala ɗaya, ƙofar da aka tsallake ba a miƙa mata tsaraba ba takan riƙe abin shekara da shekaru. Saboda haka tsofaffi sukan ce a rage abin da ke cikin ƙulli, kada a rage yawan ƙulli.

Wajen abinci, abin da ba a yin subu'u sai da shi shi ne mugat. Garin saiwar wani tsiro ne da ke fitowa a ƙasashen Iraƙi da Iran, wanda masu sayar da kayan yaji suke haɗawa da hulba da kurkum da wasu kayan ƙamshi. Ana soya garin cikin man shanu a wuta kaɗan-kaɗan har ƙamshinsa ya tashi, a zuba ruwa da sukari ana motsawa har ya yi kauri kamar kunu, sa'an nan a barbaɗa riɗi da gyaɗa ko lauz. Launinsa rawaya ne mai ratsin kore, man yana yawo a sama. Asalinsa na mai jego ne, domin ana ganin yana maido da ƙarfi yana kuma kawo ruwan nono, watau matsayinsa ɗaya da kunun kanwa a ƙasar Hausa. Amma duk wanda ya zo barka sai an miƙa masa kofi, kuma ƙin sha rashin ladabi ne, ko da a tsakiyar zafin watan Agusta.

Daren jajibere akan yi wa jariri wanka, a sa masa fararen kaya. Sai a ɗauko babban faranti a zuba ruwa, a jiƙa wake a ciki, a tsayar da butar ko tulun a tsakiya, a kunna kyandir, a ajiye kusa da kan jariri har gari ya waye. 'Yan'uwa sukan jefa kuɗin ƙarfe cikin ruwan. A wani kwano dabam kuma a haɗa gishiri da ƙwayoyin hatsi iri bakwai. Kowane gida da nasa lissafi, amma alkama da sha'ir da shinkafa da wake da hulba ba su cika ɓacewa daga ciki ba. A da, wasu iyalai a wannan dare suke zaɓen suna: a kunna kyandirori, a ba kowane suna, wanda ya riga sauran daɗewa yana ci shi ne sunan yaro.

Ranar biki, bayan an taru, sai a kwantar da jariri cikin rariya a tsakar ɗaki, wasu su ajiye wuƙa a gefensa don tsari. Wata tsohuwa ta ɗauki turmin tagulla ta dinga buga shi da taɓaryarsa kusa da yaron, tana yi masa gargaɗi da babbar murya, wai ya ji maganar uwarsa, ya ji ta kakarsa. Idan kakar ta wajen uwa ce, sai ta ƙara da cewa kada ya kula da ta ubansa, dangin uba su yi ca su mayar da martani, ɗaki ya ɓarke da dariya. Nan ne surukai suke fito da 'yan ƙananan tsiyarsu a fili cikin raha, ba mai riƙe wani. Ana cikin haka uwa takan tsallake rariyar sau bakwai, ana ambaton sunan Allah a kowane tsallake, ana turara ta da turaren wuta. Daga nan a girgiza rariyar a hankali. Sai uwa ta ɗauki ɗanta, yara su jeru da kyandirori a hannu suna waƙa, a zaga da shi ɗaki-ɗaki, wata tana biye tana watsa gishiri da hatsi a kowane lungu don maganin mugun ido. Waƙar da yara suke yi sananniya ce a duk faɗin Masar, kuma wani fim mai suna Alhafid, watau Jika, da aka yi a tsakiyar shekarun 1970, ya ƙara watsa ta har kusan kowane gida yana sa faifanta a ranar.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Wani Baturen Ingila mai suna Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma wallafa littafi kan ɗabi'un Misirawa cikin shekara ta 1836, ya bayyana turmin tagulla da rariya da kyandir da watsa gishiri kusan daidai da yadda ake yi yau. Cikin 1986 wata masaniyar al'adu 'yar Masar, Fadwa El Guindi, ta ɗauki bikin a fim don nazari. Masana da yawa suna kai asalinsa ga zamanin Fir'auna, suna kafa hujja da darajar lamba bakwai a wurin mutanen da, da kuma labaransu na wasu alloli mata bakwai da suke halartar haihuwa su faɗi rabon jariri. Abin da ke a fili shi ne Musulmi da Kibɗawa Kirista duk suna yinsa, iri ɗaya. Kibɗawa ma suna da wata addu'a ta ranar, wadda limaminsu yake zuwa gida ya yi bisa kwanon wankan jariri.

Dalilin jiran kwana bakwai kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk al'ummar da ta san mutuwar jarirai. A wajajen 1960, cikin kowane jarirai biyar da aka haifa a Masar, kimanin ɗaya ba ya cika shekara, kuma makon farko ya fi kowane hatsari. Wanda ya tsallake shi ya cancanci a fito da shi a nuna wa dangi. Yau adadin ya sauko ƙasa da 20 cikin dubu, amma bikin bai rasa gurbinsa ba.

Ba kowa ne yake yarda da dukan abin da ake yi ba. Wasu malamai suna ganin watsa gishiri da ajiye wuƙa camfi ne, suna kira ga mutane su tsaya ga sunna, watau yankan haƙiƙa da aske gashin jariri da yin sadaka da azurfa daidai nauyinsa. A Masar galibi raguna biyu ake yanka wa namiji, ɗaya ga mace, saɓanin mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa inda ɗaya ya wadatar ga kowanne. Gidaje da yawa sun sasanta: su yanka, su dafa fatta, watau gurasa da shinkafa da romo da nama, su kuma yi rariya da kyandir don yara da kakanni. Likitoci su ma suna da tasu magana, cewa girgiza jariri da ƙarfi tana iya yi wa ƙwaƙwalwarsa lahani, kuma turmin a nisantar da shi daga kunne. Wannan gargaɗi ya fi na kowa cancantar a saurara.

Sauyi mafi girma ya zo ne ta ƙofar asibiti da ta aljihu. A da ungozoma, wadda suke kira daya, ita ce shugabar bikin. Ita ta karɓi haihuwa, ita take buga turmi, kuma kuɗin da aka jefa cikin faranti nata ne. Yanzu da kusan duk haihuwa ta koma hannun likita, kaka ta gaje ta. Bugu da ƙari, binciken lafiyar iyali na Masar ya nuna cewa haihuwa ta hanyar tiyata ta tashi daga kashi 52 cikin ɗari a 2014 zuwa kashi 72 a 2021. Macen da aka yi wa aiki ba ta jin daɗin tsallake rariya sau bakwai ko karɓar baƙi hamsin a rana ta bakwai, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga subu'u bayan mako biyu ko uku, sunan dai yana nan yadda yake.

Ta wajen kuɗi kuwa, an karya darajar fam ɗin Masar cikin watan Nuwamba na 2016, daga ƙasa da fam 9 a dala zuwa wajen 18, aka sake karya ta cikin Maris na 2024 daga wajen 31 zuwa kusan 50. Lauz da cakulan da 'yan akwatunan roba da ake shigowa da su daga Sin duk suka yi tsada. Masu hali sun bi salon Turai, suna kama ɗakin taro, su zaɓi launi guda, shuɗi ko ruwan hoda, su sa a yi balan-balan da kek da akwatin tsaraba duk da zane iri ɗaya. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa tsadar ta mayar da su ga almakashi da gam. Ana yanka kwali a gida, ana ɗinka 'yan jakunkuna da ragowar yadi, gugguru ya ƙaru cikin ƙulli, lauz ya ragu. Mata da yawa da hannunsu ya faɗa sun mai da abin sana'a, suna karɓar aiki ta Facebook daga ɗakunansu, a ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan miliyan biyu kowace shekara.

Abin da ke rage wa mai gida nauyi shi ne nuƙuɗ, kuɗin da baƙi suke cusawa cikin tufafin jariri ko ƙarƙashin matashinsa. Kamar bikin da matan Hausa suke yi wa juna, wannan ma bashi ne da ba a rubuta takarda, amma ba a mantawa. Bayan baƙi sun watse, an share gishiri daga lunguna, uwa da kaka sukan zauna su ƙirga abin da aka samu, su riƙe wa ya ba da nawa, domin ranar da za a ji turmi a gidan wancan, da irin abin da ya kawo ko fiye za a je masa.