Lauyan Da Ya Bar Gaban Alƙali Ya Kama Alƙalami

Ku sani aikin lauya iri biyu ne. Akwai mai tsayawa gaban alƙali ya yi jayayya, akwai kuma mai zama ofis ya rubuta yarjejeniya. A Ingila an raba su, kowa da hanyar karatunsa. A Nijeriya kuwa ba a raba ba. An buɗe Makarantar Lauyoyi a Ikko cikin 1963, wanda duk ya fita daga cikinta aka rubuta sunansa a Kotun Ƙoli, to, yana da izinin duka biyu. Saboda haka wanda ya gaji da zaryar kotu ba ya bukatar wata jarrabawa, sai ya shiga kamfanin lauyoyi kurum.

Abin da yake samu shi ne albashi tabbatacce da hutawa daga ɗage shari'a. Abin da yake rasawa kuwa shi ne cin gashin kansa, kuma muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975, yakan yi masa nisa, domin galibi da yawan shari'un da mutum ya tsaya a manyan kotuna ake aunawa.

Wanda ya haye kogin Kaduna zuwa kudu ya ga inda ake bukatar irin wannan lauya. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa gidan haɗa motocin Peugeot a 1975. Ma'aikata irin waɗannan ba su tafiya sai da takardun haya, da na bashin banki, da na haƙƙin leburori. Haka kuma tun dokar ƙasa ta 1978, mai sayen fili a Barnawa ko Sabon Tasha cinikinsa ba ya cika sai da yardar Gwamna a rubuce.

Malamai sun san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da marubuci adali da shaidu. Ashe wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Lauyan da ya ga yadda amana take warwarewa a kotu shi ya fi sanin inda za a ɗaure ta.

To, attajiri, nemi lauya ranar ƙulla ciniki, kada ka bari sai sammaci ya iso. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu da husuma, amin.