Shin Faransa ta kama hanyar daulolin da suka shuɗe? Abin da tarihin Adar da harsunanta ke nunawa

1. Gabatarwa

Tun daga watan Disamba na 2023, lokacin da sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar, ana yawan jin wata magana a bakin ɗalibai da malamai, cewa Faransa ta kama hanyar da Rum da Songai suka bi. Maganar tana da daɗin ji, amma kwatanci irin wannan yana bukatar awo kafin a gina shawara a kansa, musamman shawarar da ta shafi harshen da za a koyar da ƴaƴanmu da shi. A cikin wannan takarda za mu fara da rarrabe abin da ake nufi da faɗuwar daula. Daga nan za mu duba daulolin da suka taɓa iko da Adar, mu gwada Faransa da su, sa'an nan mu nemi shaidar harshe, wadda ita ce fagen aikinmu.

2. Faɗuwa iri uku

Kalmar faɗuwa takan haɗa abubuwa uku da ya kamata a raba. Na farko shi ne rushewa, wato cibiyar mulki ta karye, fada ta watse, haraji ya daina zuwa. Na biyu shi ne janyewa, wato daula ta saki ƙasashen gefe alhali cibiyarta tana nan tsaye. Na uku shi ne raguwa, wato ƙarfin daula yana nan ko ma ya ƙaru, sai dai waɗansu sun taso sun kamo ta, har rabonta a cikin al'amuran duniya ya ragu.

Masana biyu ne aka fi ambata a wannan batu. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya danganta ƙarfin daula da asabiyya, wato haɗin kan jama'ar da suka kafa ta, ya kuma ƙiyasta cewa gidan sarauta yakan yi zuriya uku, kimanin shekara 120, kafin jin daɗi ya sassauta wannan haɗin kai. Paul Kennedy kuwa, a littafinsa na 1987, ya nuna cewa manyan ƙasashe sukan raunana idan nauyin soja da suka ɗauka a waje ya fi abin da tattalin arzikinsu zai iya riƙewa. Bayanin farko yana duban cikin gida, na biyu yana duban gefe. Adar kuwa ƙasar gefe ce, saboda haka daga gefe za mu duba.

3. Adar da masu iko da ita

Adar tana tsakanin Abzin da ƙasar Hausa ta kudu, kuma tarihinta, wanda Djibo Hamani ya rubuta a littafinsa na 1975, jerin ikoki ne da cibiyarsu take wani wuri dabam.

A farkon ƙarni na 16 Askiya Muhammadu na Songai ya kai yaƙi har Agadas. Ba a daɗe ba Kanta ya ɓalle ya kafa ƙarfin Kabi, Adar kuma ta shiga ƙarƙashin Kabi. Songai kanta ta karye a Tondibi a 1591, gaban rundunar Maroko mai bindigogi. Gawo da Tambutu suka fita daga hannun Askiyoyi, abin da ya rage na gidan ya koma Dandi. Wannan shi ne misalin rushewa.

A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi. Bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas wajen 1721, ya dawo ya zauna Adar, daga gare shi ne gidan Sarkin Adar ya samo asali, tare da Lisawan da aka ba riƙon waɗansu sassa. Kabi ta rasa Adar, daga baya ta bar Surame, amma gidan sarautarta yana nan a Argungu har yau. A ƙarni na 19 Sakkwato ta zama babbar cibiyar yankin, sai dai a aikace Kel Gres a kudu da Iwillimmedan Kel Dinnik a arewa su ne ke karɓar gaisuwa daga garuruwan manoma. Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Faransawa kuma sun riga sun kafa bariki a Tawa wajen 1900 zuwa 1901.

Abu biyu ne za mu ɗauka daga wannan jeri. Na ɗaya, rushewa irin ta Songai ita ce mafi ƙaranci. Abin da Adar ta fi gani shi ne janyewa, mai iko ya saki ƙasar ya ci gaba da rayuwa a gidansa. Sarkin Abzin yana Agadas, Sarkin Musulmi yana Sakkwato, Sarkin Adar yana Illela, ko da yake ikonsu ya sauya kama. Na biyu, tafiyar mai iko ba ta taɓa barin Adar babu mai neman ta ba. Duk lokacin da wani ya saki, akwai wani da ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.

4. Faransa a kan wannan ma'auni

Daga kafa barikin Tawa zuwa 2023 shekara 120 ne da ƴan kai, kuma akwai masu ganin lissafin Ibn Haldun ya cika. Ya kamata a yi hattara da wannan dacewa, domin Ibn Haldun yana magana ne a kan gidan sarauta guda, Faransa kuwa ta sauya tsarin mulki sau da dama a cikin wannan tsawon lokaci.

Shaidar janyewa dai a fili take. An soke aikin tilas a 1946, Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Sojojin Faransa sun fita daga Mali a 2022, daga Burkina Faso da Nijar a 2023, daga Cadi da Senegal a 2025. An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a farkon 2024. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka yi domin uraniyom, ta ga rufe ma'adinin Cominak a 2021, ta kuma ga gwamnati ta mai da Somaïr mallakar ƙasa a 2025. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci, ƙungiyar da aka aza harsashinta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani yana cikin waɗanda suka kafa ta. Sai dai a tuna cewa Seyni Kountché ya sallami sojojin Faransa a 1974, kuma bayan shekara kusan arba'in suka dawo da sunan yaƙi da ta'addanci. Janyewa tana iya zama ta ɗan lokaci.

Shaidar raguwa ma tana nan. A 1960 mutanen Faransa sun kai kimanin miliyan 46, na Nijar kuwa miliyan 3 da wani abu. A yau Faransa tana da kimanin miliyan 68, Nijar ta haura miliyan 25. Man fetur na Agadem da matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 aikin kamfanin ƙasar Sin ne. Turkiyya da Rasha da ƙasashen Larabawa duk sun shigo fagen da a da Faransa ce kaɗai a cikinsa. Bayanin Kennedy ya dace a nan, domin rundunar Barkhane, daga 2014 zuwa 2022, ta ci kuɗi da rayuka ba tare da ta kawo zaman lafiyar da aka yi alkawari ba.

Shaidar rushewa ce babu. Faransa tana da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da makamin nukiliya tun 1960, tattalin arzikinta yana cikin goma na farko a duniya. Ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, ta bar Aljeriya a 1962, ba ta watse ba. Kuɗin sefa da ake ciniki da shi a kasuwar Tawa, wanda aka ƙirƙira a 1945 aka kuma karya darajarsa da rabi a Janairu na 1994, har yanzu a ɗaure yake da yuro a kan 655,957. Saboda haka idan za a kwatanta Faransa da wata daula ta tarihinmu, Kabi bayan 1674 ta fi kusa da ita a kan Songai bayan 1591.

5. Shaidar harshe

Harshe yakan makara wajen tafiya. Daular Rum ta yamma ta ƙare a 476, amma sai a 1539, da dokar Villers-Cotterêts, sarkin Faransa ya wajabta rubuta takardun shari'a da na mulki da faransanci a maimakon latinanci. Tsakani akwai fiye da shekara dubu.

Hausa kanta taska ce ta irin wannan saura. Sarautun galadima da ciroma da yarima daga Barno suka zo, suna nan bayan ikon Barno a kan ƙasar Hausa ya gushe. Raƙumi da takobi daga harsunan Barbar suka shigo, fagen da Maarten Kossmann ya yi wa littafi a 2005. Kalmar takarda ma ta hannun Abzinawa ta iso mana, asalinta kuwa yana komawa ga kalmar da Girkawa da Rumawa ke kiran abin rubutu da ita. Ɗan Tawa da ya ce a ba shi takarda yana amfani da kayan daular da ta faɗi tun ƙarni goma sha biyar da suka wuce. Haka faransanci ya bar mana lampo daga l'impôt, lakol daga l'école, mushe daga monsieur, kumandan da jandarma. Waɗannan sun zama Hausa, suna ɗaukar jam'i da nasaba irin na Hausa, kuma babu dokar da za ta fitar da su.

Ana iya auna ƙarfin harshen daula da tambayoyi uku: da wane harshe ake rubuta hukunci da jarrabawa, wane harshe iyaye ke so ƴaƴansu su iya, kuma daga ina sababbin kalmomi ke shigowa. A tambaya ta farko faransanci yana riƙe da wurinsa, daga takardar haihuwa har zuwa digiri. A ta biyu yana da abokan takara, wato larabci na makarantun Faranko-Arab da ingilishi na ciniki da intanet. A ta uku kuwa Adar ta daɗe tana kallon wani gefe, domin ƴan biɗa na Kaita da Buza da Tamaske Abijan suke zuwa, da Legas da Libiya da Aljeriya. Faransancin da suke dawowa da shi na titunan Abijan ne. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa fiye da rabin masu amfani da faransanci a kullum suna Afirka. Makomar harshen ta riga ta rabu da makomar ƙasar da ta kawo shi, kamar yadda ingilishin Nijeriya ya rabu da Ingila.

6. Abin da ke gabanmu

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ne babba, amma doka ba ta rubuta littafin lissafi na aji shida, ba ta horar da malami, ba ta daidaita kalmomin shari'a da na likita. An buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma bayan rabin ƙarni har yanzu ba su zama tsarin kowa ba. Wanda ya ɗauka faransanci zai tafi da kansa domin sojoji sun tafi, zai zauna jiran abin da tarihin latinanci ya nuna yana iya ɗaukar ƙarnuka. A cikin wannan jira yaron ƙauye ne ke biya, shi da ake koya wa karatu da harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Akwai kuma gargaɗi na biyu. Dokar 2001 ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. Kundin 2025 ya ɗaga guda ɗaya a cikinsu. A arewacin Adar, daga Abalak zuwa Cintabaradan, ana magana da tamajak da fulfulde da larabci tare da Hausa. Idan aka ɗora Hausa a kan kujerar faransanci ba tare da an ba waɗannan harsuna wurinsu a makaranta da kotu ba, ɗan makiyayi zai ga an sauya masa mai iko ne kawai, abin da kakanninsa da namu suka sha gani a wannan ƙasa.

7. Kammalawa

Faransa ta janye daga Sahel, rabonta a duniya kuma ya ragu, amma babu alamar rushewa irin ta Tondibi. Harshenta zai daɗe a nan fiye da sojojinta, ko muna so ko ba mu so, sai fa idan an yi aikin da zai sa wani harshe ya iya ɗaukar nauyin da yake ɗauke da shi. Wannan aiki na ƙamus ne da nahawu da fassara da horar da malamai, a Hausa da sauran harsunan Adar baki ɗaya, kuma babban kaso daga cikinsa a kan sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu ya rataya.