YARO ƊAYA, MAI BIN SAWU ƊAYA

 Ina so in kawo muku wata magana wadda ta daɗe tana ci mini rai, watau maganar samarinmu da ƙwaya.

Akwai wani yaro da ya yi karatun allo a hannuna nan Kumasi. Ba zan faɗi sunansa ba, don iyayensa suna cikinmu. Ya kai izu goma sha biyar, rubutunsa kuwa ya fi na tsaransa kyau. Da ya shekara goma sha shida sai ya daina zuwa makaranta, aka ce ya sami wani mai keken kaya, irin wanda mu ke kira aboboya, yana yi masa aiki. Ni na ɗauka ubansa na lura da shi. Uban ya ɗauka mai keke na lura da shi. Mai keke kuwa, shi dai a kawo masa kuɗinsa da maraice. Bayan shekara biyu aka tsince shi a bakin kwata, jikinsa na karkarwa kamar mai farfaɗiya, ga ƙwayar Tramadol cikin aljihunsa. Ran nan duk muka hallara a asibiti, kowa na salati. Mu uku ke da hakki a kansa, ba ko ɗayanmu da ke riƙe da shi.

Abin Da Su Ke Sha

Tramadol asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani, dangin afiyon, likita ke rubuta shi. Wanda hukumar magunguna ta Gana ta yarda da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100. Amma wanda masu fasa-ƙwauri su ke shigo da shi yakan kai 120, ko 225, har 250. Yaro yakan fara sha don ya jure wahalar aiki, dako ko tuƙi ko haƙar zinariya. Sannu a hankali jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, ran da bai samu ba kuwa sai zufa da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci. Daga nan ba don daɗi ya ke sha ba, don gudun azaba ne. In ya wuce kima sai faɗuwa da karkarwa, wani ma numfashi ya tsaya.

Cikin 2018 Gwamnati ta tsananta sayar da Tramadol, ta kuma hana maganin tari mai kodin. Ba a daɗe ba sai ga wata jar ƙwaya ta fito, wadda samari su ke kira Red. Cikin Fabrairu 2025 gidan rediyon BBC ya bayyana cewa a Mumbai ta ƙasar Indiya a ke yin ta, haɗin magani biyu ne wanda babu ƙasar da ta ba da iznin haɗa su, har Gwamnatin Indiya ta hana yin ta nan da nan. To, jama'a, kun ga in an toshe wannan kafa sai wata ta ɓulle. Saboda haka tilas mu duba wajen yaron kansa.

Abin Da Doka Ta Ce

Da yawa cikinmu suna ɓoye ɗansu don tsoron kurkuku. Da can suna da hujja, gama dokar 1990 shekaru ta ke yanka wa wanda aka kama, ko da na shansa ne kaɗai. Amma cikin 2020 Majalisa ta kafa sabuwar doka, mai lamba 1019, wadda ta ɗauki mashayi a kan mara lafiya mai bukatar magani. Wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai, tara a ke yi masa, daga sidi 2,400 zuwa 6,000 bisa lissafin lokacin da aka yi dokar, sai in ya kasa biya a ke ɗaure shi. Mai sayarwa shi ne har yanzu hukunci mai tsanani ke kansa. Haka kuma dokar shari'ar yara ta 2003 ta ce in yaro bai cika shekara 18 ba, kotu za ta sa ma'aikacin Ofishin Jin Daɗin Jama'a ya binciki gidansu da halin zamansa, ya kawo rahoto kafin a yanke hukunci. Wannan ma'aikaci ba abokin gaba ba ne. In ya zo ƙofarku, ku shimfiɗa masa tabarma.

Aikin Bin Sawu

Su waɗannan ma'aikata suna da wata hanya ta aiki, ni kuwa na rasa sunan da ya fi dacewa da ita sai bin sawu. Tushenta shi ne, yaro ɗaya, mutum ɗaya ke riƙe da lamarinsa, tun daga farko har ƙarshe.

Da fari yakan buɗe wa yaro takarda tasa shi kaɗai. Sa'an nan ya zauna da shi, ya ji ta bakinsa: ina ya ke kwana, wa ke ba shi abinci, me ya ke sha, tun yaushe, me ya raba shi da makaranta, wa ya ke jin kunyarsa duk cikin dangi. Ya ji kuma ta bakin uwa da uba. Bayan wannan sai a shirya abin da za a yi, a rubuta shi dalla-dalla: wane zai kai shi ga likita ran Talata, wane zai nema masa wurin koyon sana'a, wane zai biya kuɗin mota. Shi mai bin sawu ba likita ba ne, ba alkali ba, ba mai koyar da sana'a ba. Nasa shi ne ya sada yaro da kowannensu, ya koma ya tambaya ko an yi. Yakan leƙa gida kowane mako, daga baya kowane wata. In yaro ya koma sha, abin da kan faru sau da yawa, ba ya yaga takarda, sai ya duba inda shiri ya ɓaci ya gyara. Ba a rufe takarda sai yaro ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ke cikinta kuma amana ne, ba a kai shi majalisa.

Ku iyayenmu 'yan kasuwa, ai wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. A zamanin fataucin goro da shanu, baƙon da ya iso Salaga ko Kumasi gidan maigida ya ke sauka. Maigida ke ba shi masauki, ya nema masa dillali, ya tsaya masa lamuni, ya bi masa bashi, ba ya sakinsa sai ya ɗaure kaya ya kama hanyar gida. Da haka aka kafa zango. Yau ma wanda a ke bi kuɗin buhu biyu sunansa na cikin littafi, an san ranar biya. Ashe ɗan da muka haifa bai kai buhu biyu ba?

Abin Da Na Ke Roƙo

Ma'aikatan Gwamnati kaɗan ne, yaran kuwa da yawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, kowane masallaci ya zaɓi mutum biyu ko uku masu haƙuri da riƙon asiri, har da mata, gama akwai 'yan mata cikin wannan wahala. Kowannensu ya riƙe yara kaɗan waɗanda zai iya, ya kuma je ya san ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a na gundumarsa ido da ido.

Na biyu, mu malamai mu riƙa duba alluna. Allon da ya kwana bakwai jingine ba mai ɗauka, a je gidan mai shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na uku, wanda ya riga ya yi nisa a kai shi asibiti. Akwai sashen masu wannan larura a asibitin Komfo Anokye nan Kumasi, akwai asibitin Pantang kusa da Ankara, akwai na Ankaful wajen Cape Coast. Likita ya san yadda a ke rage wa jiki ƙwaya a hankali. Mari da bulala ba su fitar da ita daga jini, hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ma ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa tun 2017. Addu'a kuwa ba ta hana shan magani.

Na huɗu naku ne, masu kanti da masu gareji, daga Kejetia har Suame. Yaron da ya fito asibiti ya koma zaman banza, abokansa na da suna nan suna jiransa. Ku karɓi ɗaya, ku koya masa, kada ku damƙa masa akwatin kuɗi tun ran farko, kada kuma ku kore shi a kan kuskuren farko kafin ku kira mai bin sawunsa.

Shi wancan almajiri nawa, kawunsa ne ya ce ya ɗauka. Ya sayi ɗan littafi, yana rubuta ranakun asibiti da ajami. Sau biyu yaron yana komawa sha, sau biyu kawun yana komawa da shi wurin likita. Yanzu yana koyon gyaran mota, ran Alhamis da dare yakan zo mu yi tilawa. Ban ce ya tsira ba tukuna, amma duk inda ya kwana akwai wanda ya sani.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amanarsu, amin. Haza wasalam.