Ɗan Hakin da Ka Raina: Mu Kula da Ƙafafunmu

Da damina ta sauka, manomi na wuni cikin laka, mata na wanki a rafi, 'yan makaranta na tsallake kududdufai da takalmin roba. Da hunturu ya shigo kuma sai kaushi da faso su ɗauka daga inda ruwa ya bari. Ƙafa ce ke kai mu gona da kasuwa da sujada, amma ita ce gaɓar da muka fi mantawa da ita, sai ran da ta hana mu tashi. Bari mu duba cututtuka biyu da suka fi addabar ta, ɗaya a fata, ɗaya a jijiya.

Ta farko ita ce wadda muke kira cin ruwa. Tsakanin yatsu, musamman wajen ɗan ƙaramin yatsa, sai fata ta yi fari, ta jiƙe, ta tsage, ga ƙaiƙayi ga wari. Ruwa kaɗai ba ya kawo wannan. Wata ƙwayar cuta ce, dangin wadda ke kawo makero a kan yara, tana son wuri mai laima da ɗumi. Ana ɗaukar ta a daɓen wurin wanka, ko ta hanyar aron takalmi, safa da tawul. Shi ya sa take yawa a makarantun kwana da barikoki.

Maganinta ba mai tsada ba ne. Man shafawa irin su clotrimazole, safe da yamma har mako huɗu, yakan kashe ta. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne daina shafawa da zarar ƙaiƙayi ya lafa, sai cutar ta dawo. A kuma guji mayukan nan da ake haɗawa da sinadarin steroid, irin waɗanda wasu ke shafawa don hasken fata. Suna kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, cutar kuwa tana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. In ta shiga farce har ya yi kauri ya canja launi, man shafawa ba ya isa, sai likita ya rubuta ƙwayoyi na wajen wata uku. A shanya takalmi a rana, a goge tsakanin yatsu bayan wanka, a canja safa kullum.

Ta biyu ta fi haɗari domin ba a ganin ta da ido. Mutum ya ce tafin ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono, ko yana jin tsira kamar allura, ko kamar kiyashi na tafiya a kai, kuma abin ya fi tsanani da dare. Sau da yawa mukan ce sanyi ne, wasu ma su ce an yi masa jifa ko ya taka wani abu. Gaskiyar ita ce jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ne suka fara lalacewa. Babban mai jawo haka shi ne ciwon sukari da ya daɗe ba a kula da shi ba. Akwai kuma yawan shan giya, ƙarancin bitamin B12, cutar ƙanjamau, kuturta, da maganin tarin fuka mai suna isoniazid, wanda saboda haka ne ake haɗa shi da bitamin B6.

Bayan zafin sai ƙafar ta mutu, mutum ya daina jin komai, ya ɗauka ya warke. Nan ne masifar take. Dokta Paul Brand, likitan mishan ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ne ya nuna cewa kuturta ba ta cin yatsu da kanta kamar yadda aka ɗauka. Rashin jin zafi ne ke sa mutum ya taka ƙaya ko ƙusa, ya ci gaba da tafiya a kan rauni har ya ruɓe. Da ya koma Carville a Amurka a 1966, aka gane darasin nan ya shafi masu ciwon sukari daidai wa daida. Zafin da muke ƙi, ashe shi ne mai gadin jiki. Yau kuturta na warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi, amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta farfaɗo.

To, mai wannan lalura me zai yi? Ya duba ƙafarsa kowace yamma, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In idonsa ba ya gani sosai, ɗa ko jika ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne. Ruwan wanka ya gwada zafinsa da gwiwar hannu. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da wuta wajen jin ɗumi, domin mutane da yawa sun ƙone ba su sani ba. Ya shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ya yanke kanta da reza, kada kuma ya ba masu yawo da almakashi ƙafarsa.

Cututtukan nan biyu kan haɗu. 'Yar tsagar da cin ruwa ya yi ita ce ƙofar da wasu ƙwayoyin cuta ke bi, kuma ga mai ciwon sukari tana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Saboda haka rauni komai ƙanƙantarsa, in ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko ya kumbura, ko ya yi baƙi, ko ya fara wari, a tafi asibiti ran nan. Kada a tsaya zuba kananzir ko garin batir.

'Yan'uwa, in mun je gaishe da tsoho ko mara lafiya, mu roƙe shi ya cire takalmi mu gani. Wanda kuma ƙafarsa ke zafi da dare, ya je a gwada masa sukari, gwajin ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.