Vergelegen: Gonar Da Ta Raba Gwamna Da Kujerarsa

A garin Somerset West, kimanin kilomita 50 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, akwai wata tsohuwar gona mai suna Vergelegen, wato "can nesa" da harshen Holan. Yankin ya shahara da noman inabi da sarrafa shi zuwa giya, amma ba sai mai sha ba ne ke zuwa wurin. Baƙi da dama lambunan da tarihin gidan ne ke kai su.

Abin da ke fara ɗaukar idon mai ziyara shi ne manyan itatuwan kafur guda biyar da ke gaban gidan. An dasa su ne a farkon ƙarni na 18, kuma a 1942 hukuma ta sanya su cikin kayan tarihin ƙasa. A harabar akwai lambu mai kusurwa takwas wanda aka kewaye da katanga, ga lambun wardi, ga kuma ɗakin karatu cike da tsofaffin littattafai.

Wanda ya kafa gonar a 1700 shi ne Willem Adriaan van der Stel, gwamnan yankin a ƙarƙashin kamfanin cinikin Holan da ke mulkin wurin a lokacin. Dokar kamfanin ta hana ma'aikatansa noma da kasuwanci na ƙashin kansu, domin kada mai riƙe da ma'auni ya zama shi ne mai sayarwa. Gwamnan ya yi biris da dokar. Ya yi amfani da ma'aikatan kamfani da bayi masu yawa wajen gina gonar, ya kuma mamaye kasuwar nama da alkama da giya, har ƙananan manoma suka rasa inda za su kai amfaninsu.

A 1706 manoma 63, ƙarƙashin jagorancin Adam Tas, suka sa hannu a takardar koke zuwa ga shugabannin kamfanin a Amsterdam. Gwamnan ya kama Tas ya tsare shi fiye da shekara guda, amma duk da haka takardar ta isa. Aka sauke shi daga muƙaminsa, aka raba gonar kashi huɗu aka sayar.

Gidan ya yi ta sauya hannu har 1917, lokacin da Lionel Phillips da matarsa Florence suka saye shi suka gyara. Tun 1987 yana hannun kamfanin Anglo American, kuma a buɗe yake ga jama'a.

Mai yawo a ƙarƙashin inuwar kafur ɗin ya kamata ya tuna da bayin da guminsu ya raya gonar, waɗanda ba su cikin masu koke, ba su kuma samu 'yanci ba sai bayan dokar hana bauta da ta fara aiki a 1834.